Mujallar da Ta Kashe Baba Ishaya

Tun da Malam Jibo ya dawo daga kos a Zariya, cikin daminar 1965, ba wanda ya sake samun sakat a makarantar mishan ta Rafin Kanya. Kos ɗin na koyar da lissafi ne, amma lissafin can Zariya ya baro shi. Abin da ya dawo da shi ƙunshin tsofaffin mujallun kwalejoji ne, waɗanda ya tsinta a bayan laburare an tara za a ba masu ƙosai, sai kuma wata rular ƙarfe da yake sokewa a aljihun gaba don kada wani ya ce bai gani ba.

Ga abin da ke cinsa. Baba Ishaya, hedimasta, ya ce ƙarshen shekara zai ajiye alli ya koma gona, kuma Manajan makarantun mishan ya riga ya faɗa cewa duk wanda Baba ya nuna, shi zai hau kujerar. Malam Jibo kuwa yana son kujerar nan so na fitar hankali. An sha kama shi zaune a kanta in Baba ya zaga, yana gwada yadda zai riƙa ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Ranar taron malamai a gindin ɗorawa, ya zube mujallunsa a kan tabarma, ya zare rula.

“Kun san abin da ya raba makaranta da garken awaki?”

“Awaki ba su zuwa kos,” in ji Malama Dinatu, mai koyar da aji biyar, wadda bakinta ba ya kwana da magana.

“Mujalla! Duk makarantar da ta amsa sunanta tana da mujalla. Na zauna na tsefe waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kuma yau a duk Lardin Katsina ba wanda ya san sirrin bangon mujalla kamar ni.”

Ya shiga bayani, yana auna komai da rula. Sunan makaranta a sama yake zama, da baƙaƙe masu ƙiba. Tambari a ƙarƙashinsa, kuma dole a sami dabba a ciki, dabbar ma mai haƙora. In ka buɗe bango, sai shafin abubuwan da ke ciki, inda kan magana ke hagu, lambar shafi na dama, ga ɗige-ɗige a jere suna raka ido daga wannan zuwa wancan don kada ya ɓata a hanya. Manya a sama, wasanni a can ƙasa, domin ƙwallo ba ta shiga gaban hankali.

“To, me suka rubuta a ciki?” Dinatu ta tambaya.

“A ina?”

“A cikin mujallun. Ka karanta su?”

Malam Jibo ya yi mata kallon tausayi. “Karatu ai na 'yan aji uku ne, Malama. Gwani tsari yake dubawa. In na kalli shafi daga nesa na san abin da yake nufi.”

Baba Ishaya yana gefe yana matsa ƙafarsa ta dama, wadda ta daɗe tana kumburi. Dattijo ne mai sanyin hali, wanda ko yaro ya zo masa da shirme sai ya saurara har ƙarshe. Ya ce, “To, Jibo, yi. Amma kada ka cinye mana takardar jarrabawa.”

Akwai abu ɗaya da Malam Jibo bai faɗa wa kowa ba, don shi ne makaminsa. Ya lura a wasu mujallun akwai shafi guda da ya fi kowane kwarjini: hoton mutum ɗaya tilo, an kewaye shi da baƙin layi mai kauri, ga ganye a gefe da gefe, ga shekaru biyu a ƙarƙashin sunansa da ɗan karan layi a tsakani. Ya auna layin, ya ga ya fi duk wani layi da ke cikin mujallar kauri. Nan take ya yanke hukunci cewa wannan ita ce girmamawa mafi girma da makaranta ke yi wa mutum, shekarun nan biyu kuma farkon aikinsa ne da ƙarshensa. Abin da ya ba shi haushi shi ne yadda kwalejoji ke ɓoye irin wannan shafi a tsakiya. Shi a bango zai sa nasa, kuma fuskar Baba Ishaya ce za ta hau. Dattijon da aka yi wa haka, wa zai nuna in ba Jibo ba?

Aka aro injin gurza takarda daga ofishin Fasto, aka kai shi sito. Fasto ya so ya nuna masa yadda ake zuba tawada, ya ce a bar shi, ya ga wanda ya fi wannan a Zariya. Ya matse tawada kamar mai tatsar saniya, ya murɗa hannun injin da ƙarfin tsiya, sai ga tawada ta yi tsartuwa ta wanke masa farar riga tun daga wuya. Da ya koma gida, matarsa Rahab ta dube shi sama da ƙasa.

“Rijiya ka faɗa, ko kuwa bola?”

“Ilimi ne, Rahab. Ba za ki gane ba.”

“To, ilimin ya zo ya wanke, ni dai sabuluna ya ƙare.”

Tambarin makaranta ya fara zanawa. Zaki ya nufa. Da ya nuna wa malamai, ɗaya ya ce kyanwa ce, ɗaya ya ce kare ne ya sha duka, Dinatu kuwa ta ce ita dai ta ga tunkiya mai ciwon wuya, a kira mata malamin dabbobi. Tun daga ranar ya rantse ba wanda zai sake ganin bangon nan sai ya fito, ya sayo kwaɗo ya garƙame sito.

Shafin abubuwan da ke ciki shi ya fara bugawa, tun yara ba su gama rubuta ko layi ɗaya ba. Dinatu ta leƙo ta taga ta ce, “Malam, kana rabon tuwo tun ba a daka dawa ba? Ka bari a haɗa shafuka tukuna, ka ga inda kowa ya faɗa.”

“Abin da ke gaba shi ake fara bugawa. Haka tsari yake. Na riga na yanka wa kowa shafinsa.”

Ya ma ɗauki guda daga cikin waɗanda ya buga ya kai wa Dagaci Maharazu har zaure. Dagacin ya yi ajin yaƙi da jahilci, yana karanta boko a hankali da ɗan yatsa, kuma ba abin da yake so kamar a gan shi yana yi. Malam Jibo ya durƙusa ya nuna masa layin da aka rubuta “Iyayen Ƙasa Masu Riƙe da Mu”, ya bi ɗige-ɗigen da rula har zuwa lamba tara.

“Ranka ya daɗe, ran da ta fito, shafi na tara kawai za ka buɗe. Naka ne kai kaɗai.”

“Madalla, Malam. Ashe dai za mu shiga takarda muna raye.”

Sai dai akwai wani shafi da ake kira “Jawabin Edita”, wanda Malam Jibo ya yanka wa kansa shafi ɗaya. Da ya zauna rubutawa ya ga ba yadda za a yi mutum irinsa ya shiga shafi ɗaya. Ya faro daga haihuwarsa, ya bi ta kan yadda ya yi na ɗaya a aji biyu, ya sauka a tashar Zariya, ya kwatanta benaye. Kafin ya ajiye alƙalami jawabi ya ci shafi biyar, ya tura duk abin da ke bayansa gaba. Bai ko waiwayi shafin da ya riga ya buga ba, don a wurinsa abin da aka gama an gama.

Ana cikin haka ƙafar Baba Ishaya ta matsa. Matarsa Mama Liatu ta ce ba ta ƙara yarda da ɗaurin ganye, ta sa shi gaba suka hau mota zuwa asibiti a Malumfashi, suka kulle gida. Duk gari an ga lokacin da aka tallabe shi aka sa a mota yana cije leɓe. Motar ba ta gama ɓacewa ba Malam Jibo ya tara yara ya sanar da su cewa daga yau shi ne mai riƙon makaranta, ko da yake ba wanda ya ba shi riƙon ko tsintsiya.

Sai aikin bango. Inji ba ya ɗaukar hoto, don haka da ƙarfen zane ya zana fuskar Baba a kan stensil, wato takardar kakin da ake yankewa tawada ta bi ta ciki. Gaskiya fuskar ta yi kama, har da hular da ɗan gemun. Idanu ne suka ƙi. Duk lokacin da ya zo cike ƙwayar ido sai stensil ya huje, tawada ta kwararo, Baba ya fito kamar wanda aka naushe shi a ido biyu. Ya lalata stensil har ya gaji, sannan dabara ta zo masa: ya ja ɗan layi lanƙwasasshe a gurbin kowane ido, kamar mutum ya lumshe su. Ya ja baya ya duba, ya ce ai wannan ma ya fi, Baba ya fito yana tunani mai zurfi.

Ya ɗora rula ya kewaye fuskar da baƙin layi, ya maimaita, ya sake maimaitawa, har sai da ya fi na kwalejoji kauri, don Baba ya fi shugabanninsu daraja. Ya zana ganyen dabino dama da hagu. A ƙasa ya rubuta sunan Baba, sannan shekarar da ya fara koyarwa da shekarar da zai daina: 1938 – 1965.

Shirin farko shi ne a raba mujalla ranar rabon kyaututtuka. Amma da Malam Jibo ya ga tarin mujallu a sito suna ƙamshin tawada, haƙuri ya gagare shi. Me zai hana Baba ya dawo ya tarar da ƙasa duka tana maganarsa? Ranar kasuwa, da aka tashi daga makaranta, ya tsaya a bakin ƙofa bayan malamai sun watse, ya danƙa wa kowane yaro guda ya kai gida. Ragowar ya ɗaure ya ba Sanda direba, mai motar da ke zuwa Funtua, ya ce ya sauke wasu a Tsiga, ya aika wasu Mahuta, duk inda ake da majami'a ko tsohon ɗalibi.

Washegari da safe yana karin kumallo ya ji hayaniya daga wajen makaranta. Ya leƙa ya ga mutane suna tahowa ta hanyar rafi, wasu a ƙasa, wasu a keke, kusan kowa riƙe da mujalla. Zuciyarsa ta yi fari ƙal. Ya sa rigarsa ta zuwa majami'a, ya soke rula, ya ce wa Rahab, “Fito ki ga abin da kike kira bola.”

Kafin ya isa, wata tsohuwa ta ƙwala ihu ta zube a ƙofar gidan Baba Ishaya, sauran mata suka amsa. Malam Jibo ya ɗan tsaya. Ya san mutanen ƙauye da zuzuta abu, amma bai zaci aikin nasa zai taɓa su har haka ba.

Malam Matta, mai bishara daga Tsiga, ya tare shi ya kama hannunsa da hannu biyu, idanunsa jawur.

“Sannu da haƙuri, Malam. Ubangiji shi ya bayar, shi ya karɓa. Yaushe za a kawo shi?”

“A kawo wa?”

“Gawar mana. Ko can Malumfashi za a ajiye shi? Ba mu yarda ba, nan ya yi aiki, nan zai kwanta.”

“Gawar wa?”

Malam Matta ya ɗaga mujalla ya nuna masa bangon. A daidai nan Dinatu ta ratso taro, fuskarta jiƙe da hawaye, don ita ma sai da safen nan ta ga mujallar a hannun wata maƙwabciya.

“Jibo, wa ya kawo maka labari? Don me ba ka faɗa mana ba, sai dai mu gani a takarda?”

“Wane labari kuma? Wai me ke damunku ne? Girmamawa ce! Haka kwalejoji ke yi wa manyansu!”

Dinatu ta daina kuka cak. Ta dube shi, ta dubi bangon, ta sake dubansa.

“Waɗancan na kwalejojin, ka karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashin hotunansu?”

“Na ce miki gwani ba ya…”

“Matattu ne, Jibo! Duk wanda ka ga an kewaye da baƙin layi ya riga mu gidan gaskiya! Wayyo ni, ka kashe mutum da rula!”

Malam Jibo ya juya wajen taron. Ya haye kan benci ya ɗaga hannu. “Jama'a, ku saurara! Baba bai mutu ba! Tsari ne kawai! Tsarin bango ne!”

“Allah sarki,” in ji wata mata daga Mahuta. “Baƙin ciki ya taɓa mai kai. Ku riƙe shi kar ya hwaɗi.”

Ƙarti biyu suka sauko da shi, wata ta kwara masa ruwan tulu a ka, wata tana shafa masa baya tana cewa ya yi ta maza, kowa ya san yadda yake son Baba. Dinatu ta yi ta rantsuwa cewa kuskure ne, amma Malam Matta ya girgiza kai.

“Malama, wanga abu bugawa aka yi. Inji ya buga shi. In maganar baki ce sai in ce ƙarya ce, amma kin taɓa ganin an buga mutuwar mai rai? Ga idanu a rufe. Kuma kowa ya ga yadda aka sa shi mota.”

Dinatu ta ce, “To, dubi shekarun! In haihuwa da mutuwa ne, Baba bai kai talatin ba ke nan. Da furfurar tasa?”

Malam Matta ya duba da kyau, sannan fuskarsa ta washe. “Shekarar baftismarsa ce. Daga nan ake ƙirga ran mai bi. Kai, wanda ya tsara wanga takarda ya san Littafi.”

Malam Jibo, duk da ruwan da ke ɗiga daga gemunsa, sai da ya ɗan ji daɗin wannan magana.

Rana tana ɗagawa mutane suna ƙaruwa. Musulmin gari suka zo gaisuwa, Fulanin da ke mashekari bayan rafi suka zo da ƙwaryar nono, don Baba ya sha karanta musu takardar allurar shanu. Aka tura mai keke Malumfashi ya tambayo gawa. Samari suka ɗauki diga da shebur suka nufi bayan majami'a haƙa kabari. Baƙi kuma dole su ci abinci, ga gidan mamaci a kulle. Dattawa suka yi shawara a tsaye, suka ce ai da sauƙi, tunda akwai mai riƙon makaranta, kuma da bakinsa ya faɗa. Kafin Malam Jibo ya buɗe baki an buɗe rumbunsa, an ɗora manyan tukwane a tsakar gidansa. Akuyar Rahab, wadda take tattali tun tana 'yar ƙarama, ita aka fara kayarwa.

Rahab ta same shi a bayan aji yana matse riga. “Ga ilimi can yana tafasa a tukunya,” ta ce. “In an sauke sai ka zo ka gane mini shi.”

Can sai ga Dagaci Maharazu da mutanensa. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ya yi gaisuwa yadda ta kamata, ya faɗi alherin Baba. Da aka ɗan natsa, sai ya ga ga taro ya samu, ga kuma mujalla a hannu, kuma bai ga laifin a san cewa marigayin ya san darajar iyayen ƙasa ba. Ya sa tabarau, ya buɗe shafin abubuwan da ke ciki, ya karanta da ƙarfi, “Iyayen Ƙasa Masu Riƙe da Mu.” Ya bi ɗige-ɗige da yatsa har lamba tara, ya lashi yatsa, ya buɗe, ya gyara murya.

“Tsu-tsar… da ke… cinye… audugar… talakawa.”

Rubutun wani ɗan aji shida ne kan ƙwarin gona, har da zanen tsutsa mai ƙaton ciki. Amma lokacin karɓar haraji ya kusa, kuma ba manomin da ke wurin da bai san sandar Dagaci ba. Wani ya yi tari. Wani ya cusa fuska cikin hula, kafaɗunsa suna rawa. A gidan makoki ne, ba dama a yi dariya, wannan kuwa shi ya sa ta fi cin mutane.

“Ina Malamin nan?” in ji Dagaci, a hankali.

Aka turo Malam Jibo gaba.

“Ni ne tsutsa?”

“Ranka ya daɗe, shafin ne ya matsa. Naka na nan gaba kaɗan, in ka ƙara…”

“Mi ya matsar da shi? Ƙafa gare shi?”

Dinatu, wadda tausayi bai taɓa hana ta aikinta ba, ta buɗe tata. “Ranka ya daɗe, ba kai kaɗai ba ne. Ga ‘Malamanmu’, shafi na bakwai.” Ta buɗe. “Kiwon Aladu a Sauƙaƙe.”

Wannan karon ba wanda ya iya riƙewa. Dariya ta fashe a gefen maza, mata suna kuka a nasu gefen, Malam Matta yana tsawatar wa kowa. Ana cikin wannan ruɗani aka ji ƙugin mota daga hanyar Malumfashi. Wani ya yi ihu, “Ga gawa nan!” Nan da nan aka shanye dariya. Malam Matta ya ɗaga waƙar jana'iza, taro ya amsa, aka yi layi biyu a bakin hanya, maza suka cire huluna.

Mota ta tsaya. Ƙofar gaba ta buɗe, sanda ta fara saukowa, sannan ƙafa naɗe da farin bandeji, sannan Baba Ishaya ɗungurungum, yana shan rake.

Waƙa ta mutu a tsakiyar baiti. Matan da ke gaba suka watsar da ƙore suka ranta a na kare, wani mai keke ya faɗa kwata, samarin da suka dawo daga haƙa suka yar da diga. Malam Matta dai bai gudu ba, amma ya ja baya har sai da bango ya tare shi. Mama Liatu ta sauko da ƙunshin kaya a ka, ta dubi taron da ke ƙofar gidanta.

“Wa ya mutu?”

Dinatu ce ta matso ta miƙa mata mujalla. Mama Liatu ta duba, ta ajiye ƙunshinta a ƙasa a hankali, ta ce a nuna mata wanda ya yi, sai da mata uku suka riƙe ta.

Baba Ishaya ya ce a kawo masa kujera. Ya zauna, ya karɓi mujallar, ya daɗe yana kallon fuskarsa da idanu a rufe. Mutane suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, wannan ya taɓa hannunsa, wancan ya taɓa gwiwarsa, sai kuma kuka ya sake tashi, amma na wani iri dabam. Wani magidanci daga Mahuta ya durƙusa ya ce tun jiya bai ci abinci ba, don Baba ne ya je har gona ya roƙi ubansa a sa shi makaranta. Wata ta ce shi ya goya ɗanta zuwa asibiti ranar da maciji ya sare shi. Dagaci da kansa ya ce shi dai an zage shi yau, amma ya yafe, tunda Malam Ishaya na numfashi. Dattijon ya saurari duk wannan, hawaye suna bin gemunsa, don bai taɓa sanin haka yake a zuciyar mutane ba.

“Baba,” in ji Malam Matta, “mun ɗanɗana rashinka yini ɗaya, ba daɗi. Batun ajiye aikin nan, a sake dubawa.”

Taro ya ɗauka gaba ɗaya. Baba ya ɗaga hannu aka yi shiru.

“Jibo, matso.”

Ya matso, riga a jiƙe, rula ta karkace a aljihu.

“A mota ina tahowa nake ce wa Liatu, in na huta zan je wurin Manaja in ba da sunanka. Kai ne babba a cikin malamai, kuma na ce mai ƙwazo ne, hankali zai zo daga baya.”

Da duka aka yi wa Malam Jibo da ya fi masa sauƙi.

“To, ga shi ka tara mini jama'a sun hana ni tafiya. Likita ma ya ce ƙafar ta yi kyau. Zan zauna.”

Aka yi guɗa. Baba ya jira ta lafa.

“Gobe ka ɗauki kekenka. Tsiga, Mahuta, Funtua, duk inda takardar nan ta shiga, ka shiga. Ka yi sallama, ka ce Ishaya na gaishe su, yana nan da ransa. Kafin ka tafi kuma ka biya bayan majami'a, an ce an yi mini ɗaki, ka mayar da ƙasar.”

“To, Baba.” Amma hali ba ya barin mai shi, sai da ya ƙara da cewa, “Bangon fa? In an cire layin gaba ɗaya tsarin zai…”

“Bar layinka, ka sha wahalarsa.” Baba ya ɗora yatsa a ƙasan hoton. “Shekarar farkon ma ka bar ta, gaskiya ce. Ta biyun za ka bi gida-gida ka goge. Ba kai ke rubuta wannan ba.”